Jar Ƙwaya a Tamale: Yadda Maganin Gajiya Ke Ƙwace Ragamar Ƙwaƙwalwa

Tun kafin gari ya gama wayewa kasuwar Aboabo ta tashi. Manyan motoci sun kwana a layi da buhunan masara da gyaɗa da ƙwaryar doya, 'yan dako suna ta sauke kaya, masu keke mai ƙafa uku da mutanen Tamale ke kira yalo-yalo suna kutsawa tsakanin babura suna farautar fasinjan farko. Mai koko da ƙosai ta riga ta kafa tukunya.

Wanda ya tsaya ya dubi bakin kwata zai ga abin da dare ya bari. Ban da ledojin ruwa da ɓawon gyaɗa, akwai wasu 'yan fallaye masu ƙyalli, an ɓalle gurabe goman da ke jikinsu an yar. A bayan wasu an buga lamba 225.

Lambar nan nauyin maganin da ke cikin ƙwaya ɗaya ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta amince ne da tiramadol mai miligiram 50 da mai 100, shi ma sai da takardar likita. Iyakar abin da likita zai bai wa babban mutum mai tsananin ciwo a yini guda miligiram 400 ne. Ƙwaya biyu ta titi ta riga ta tsallake wannan iyaka, alhali akwai samarin da ke watsa biyun a baki kafin su karya kumallo.

A titi "tiramol" ake ce mata, ko kuma "Red" saboda jan launinta. A farkon 2025 sunan ya zama abin yayi a TikTok tsakanin matasan ƙasar, har ma'aikatar matasa ta ƙaddamar da gangamin da ta kira Red Means Stop.

Iyaye a Sabonjida da Lamashegu da Zango da Nyohini ba sa bukatar gangami kafin su san akwai matsala. Tambayar da ke cin ransu wata ce daban. Yaro ya yi kuka, ya rantse ya daina, ya dafa kan mahaifiyarsa, bayan kwana uku a gan shi a inda aka saba ganinsa. Me ke mayar da shi? Amsar tana cikin kansa, kuma masana sun yi shekara kusan saba'in suna tono ta.

Daga Jamus zuwa Indiya, daga Indiya zuwa Aboabo

Tiramadol magani ne na gaskiya. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya fara sayar da shi a 1977 da sunan Tramal. Dangin mofin ne, wato magungunan kashe raɗaɗi masu aiki irin na ofiyom, sai dai an ɗauke shi a matsayin mai sauƙi a cikinsu. Saboda haka bai shiga jerin magungunan da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulle ba, kowace ƙasa ita ke yi masa doka da kanta.

Ta wannan kafa 'yan kasuwa suka shigo. Masana'antu a Indiya suka riƙa buga shi da nauyin da babu asibitin da ke nema, 120 da 225 da 250, ana loda shi a kwantena zuwa Tema da Lome da Kwatano da Legas. Tamale kuwa tana kan babbar hanyar da ta taso daga kudu, ta bi ta Bolgatanga da Paga ta shiga Burkina Faso. Garin da kaya ke ratsawa, wani abu sai ya zube a cikinsa.

A 2018 aka yi yunƙurin toshe kafar daga wurare da dama. Indiya ta sanya tiramadol ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi a watan Afrilu. Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayu, bayan wani binciken BBC da ya nuna irin ɓarnar da yake yi a Kano da wasu garuruwa. Ghana ma ta hana shi, ta kuma tsaurara sayar da tiramadol.

Masu sana'ar ba su rufe shago ba, haja suka sauya. A watan Fabrairun 2025 sashen bincike na BBC ya fallasa wani kamfani da ke yankin Mumbai, Aveo Pharmaceuticals, wanda ke haɗa tafentadol da karisofurodol a ƙwaya ɗaya yana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol da TimaKing da Super Royal-225. Tafentadol ya fi tiramadol ƙarfi nesa. Karisofurodol kuwa maganin sassauta tsoka ne da aka janye daga kasuwannin Turai, saboda shi ma yana kama mutum. Babu ƙasar da ta ba da lasisin a haɗa su biyun.

An ɗauki ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, Vinod Sharma, a kyamarar ɓoye yana amsa cewa kayan na cutar da lafiya ƙwarai, amma harka ce ta kasuwanci. Cikin 'yan kwanaki hukumomin Indiya suka haramta haɗin da fitar da shi, suka kai samame masana'antar. Kamfanin ya musanta zargin daga baya.

Wani babban ɓangare na wannan bincike a titunan Tamale aka ɗauke shi.

"Ba don maye nake sha ba"

Wannan ita ce maganar da aka fi ji a bakin masu sha, daga Tamale har Kano da Maraɗi: ba don maye ba ne, don aiki ne. Kuma a farkon lamari gaskiya suke faɗa.

Damina ɗaya ce a arewacin Ghana, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. In ta wuce, saurayin ƙauye ya shigo birni neman abin yi, ko ya gangara kudu ramukan haƙar zinare, 'yan mata su tafi Kumasi da Akra dakon kaya a ka. Wanda ya tsaya a Tamale zai samu lodi, ko kwaɓa siminti, ko tuƙin yalo-yalo wadda ba tasa ba, kullum sai ya fara haɗa balas ɗin mai keke kafin ya nemi na tuwo. A watan Maris zafin garin kan kai maki 40. Ranar da jiki ya ƙi, ranar babu kuɗi.

Sai abokin aiki ya miƙo rabin ƙwaya, ko a narka ta cikin lemon ƙara kuzari na gwangwani a riƙa kurɓa. Ciwon baya ya ɗauke, rana ta daina duka, buhu ya yi sauƙi. Wasu kuma don su daɗe a shimfiɗa suke farawa, wasu don su kori kunya ko damuwa, ɗalibi don ya raba dare yana karatu. Kuɗinta bai kai na kwanon abinci mai kyau ba, ba ta wari kamar giya ko wiwi, mutum zai iya shan ta ya shiga sahu ba wanda ya gane. A garin da galibin mutanensa Musulmi ne, wannan rufin asiri ya taimaka mata ƙwarai wajen yaɗuwa.

Girman abin a Afirka ta Yamma ba ƙarami ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan huɗu da rabi a ƙasar na shan dangin ofiyom ba bisa umarnin likita ba, kuma tiramadol ne kan gaba.

Abin da ke faruwa a cikin kai

A ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai jijiyoyi kusan biliyan 86. Yawancinsu ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan rata a tsakani. In ɗaya za ta aika saƙo, sai ta fesa wani sinadari, ta gaba ta karɓe shi a wasu 'yan gurabe da ke jikinta. Tunani da tsoro da yunwa da marmari duk ta haka suke tafiya.

A 1954 wasu masana biyu a jami'ar McGill da ke Kanada, James Olds da Peter Milner, suka sanya siririyar waya a can cikin ƙwaƙwalwar ɓera, suka ba shi ɗan maɓallin da in ya taka zai aika wa wurin ɗan lantarki. Ɓeran ya dinga takawa, sau ɗaruruwa har dubbai cikin awa guda. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓerayen da suka bar abinci a gefe saboda maɓallin. Da haka aka gano hanyar da ke sa rai ya ce: wannan abu, a sake.

Babban ɗan aiken wannan hanya sinadarin dofamin ne. Ba don ɓarna Allah ya halicce ta ba. Ita ce ke sa mai ƙishirwa ya nemi ruwa, uwa ta nemi ɗanta, manomi ya koma gona baɗi.

A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa ƙwaƙwalwa na da gurabe na musamman da dangin ofiyom ke sauka a kai. Shekara biyu bayan haka, John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen suka gano dalilin: jiki da kansa yana yin nasa maganin raɗaɗi mai kama da mofin, kaɗan-kaɗan, daidai bukata. Guraben nasa ne. Ƙwayar titi haya kawai take shiga, kuma da yawan da jiki bai taɓa yin irinsa ba.

In ta sauka a guraben, abu biyu ne ke faruwa. Saƙon ciwo ya ragu. Sannan wasu jijiyoyi da aikinsu shi ne taka wa dofamin birki su yi sanyi, dofamin ya kwararo ba mai tare shi.

Tiramadol yana da wasu halaye nasa. Sai ya biya ta hanta, ita ce ke juya shi zuwa wani sinadarin da ya fi shi ƙarfi, kuma hantar mutane ba gudu ɗaya take yi ba, abin gado ne. Shi ya sa wani zai sha biyu ya hau babur ya tafi, abokinsa ya sha ɗaya ya zube. Ban da haka yana ƙara yawan wasu sinadarai biyu, serotonin da noradirenalin, masu sa kuzari da wartsakewa. Ƙarfin da ɗan dako ke ji daga nan yake. Gajiyar tana nan a tsoka da ƙashi, labarinta ne aka hana isowa.

Wurin da ya fi dacewa iyaye su fahimta shi ne wannan. Dofamin ba daɗi kawai yake kawowa ba, koyarwa yake yi. Wolfram Schultz ya nuna haka a kan birai a shekarun 1990. Da farko jijiyoyin dofamin na motsawa ne in ruwan zaƙi ya taɓa harshen biri. Da aka saba kunna masa fitila kafin ruwan ya zo, sai motsin ya koma kan fitilar. Alama ta isa ta tayar da nema.

Haka yake ga saurayin da ya rantse ya daina. Lungun da ya saba saye, bencin majalisarsu, ƙarar ɓalle ƙwaya daga fallenta, fuskar abokin da suke sha tare, kowanne ya zama fitila. Yana iya fitowa da niyyar zuwa masallaci, ƙafarsa ta bi ta lungun, jikinsa ya riga tunaninsa yanke shawara.

Terry Robinson da Kent Berridge na jami'ar Michigan suka ƙara wani bayani a 1993: nema daban, jin daɗi daban, kuma ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Da tafiya ta yi nisa, nema na ƙaruwa, daɗi na raguwa. Saboda haka in ɗan ƙwaya ya ce wallahi ba ya jin daɗinta kuma amma ya kasa bari, ba lallai ne yaudara yake yi ba.

Me ya sa ɗaya ba ta isa kuma

Ƙwaƙwalwa ba ta son ambaliya. In aka dinga cika ta da saƙo fiye da kima, sai ta kare kanta: ta rage yawan guraben karɓa, waɗanda suka saura su rage ji, jiki ya rage yin nasa maganin. Wanda ya shekara yana aiki a gidan injin niƙa, sai an ɗaga murya yake ji, magana a hankali ta daina isa kunnensa. Abincin gida da hirar abokai da dariyar ɗansa da nasarar ƙungiyarsa ta ƙwallo duk magana ce a hankali. Ƙwaya ce kaɗai ke da ihun da zai ji, ita ma kullum sai an ƙara.

Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a Amurka sun nuna wannan raguwar guraben dofamin a jikin masu jarabar ƙwayoyi iri daban-daban, tare da raunin aiki a ɓangaren da ke bayan goshi. Wannan ɓangare shi ne mai auna gobe, mai cewa a dakata, mai tuna wa mutum alkawarin da ya ɗauka. Shi ne kuma na ƙarshe da ke gama nuna, sai wajen shekara 25. Yaron da ya fara sha yana ɗan 15 ya taɓa wurin tun bai ƙosa ba. Duk mai sayar wa ɗan makaranta wannan ƙwaya, a ganina, laifinsa ya fi na mai sayar wa babba, kuma ya kamata hukunci ya bambanta su.

Ba kowa ne ya ɗanɗana yake kamuwa ba. Masana na ƙiyasta cewa gado na ɗaukar kusan rabin hatsarin. Sauran ya rataya ne a kan shekarun farawa, da wahalar da mutum ya sha a yarinta, da ciwon damuwa, da kuma yadda kayan ke kusa da hannu.

Daren da babu ƙwaya

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun jijiyoyi da ke riƙe da farkawa da shirin ko-ta-kwana. Dangin ofiyom na danne shi. Shi kuma, don mutum ya ci gaba da rayuwa, sai ya ƙara ƙaimi yana turjewa. Ranar da aka janye ƙwayar farat ɗaya, dannewa ta tafi, turjiya tana nan.

Abin kan fara ne cikin yini guda da shan ƙarshe. Hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ido na hawaye. Zuwa dare na biyu gumi ya jiƙa tabarma ko da hunturu ake yi, tsigar jiki ta tashi, ciki ya murɗa, ga amai ga gudawa. Ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, ya miƙe ya kwanta, ya sake miƙewa. Ƙasusuwa na ciwo kamar an yi masa duka. Uwa ta taɓa goshinsa ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, ta aika kemis. Shi kuwa ya san maganin da zai ɗauke wannan duka cikin rabin awa, ya san kuma inda ake sayar da shi.

Saboda tiramadol na taɓa serotonin, wasu kan haɗu da ƙarin azaba: firgita, ruɗewa, jin muryoyi, ganin abin da babu. A nan ne gida kan ce iska ce ta shige shi, a nufi wurin mai ruƙiyya.

Mafi tsananin wannan kan wuce cikin mako guda. Abin da ke biyo baya ya fi daɗewa: makonni ko watanni na rashin barci, saurin fushi, da duniyar da ta yi salam babu ɗanɗano. A wannan mataki mutum ba nishaɗi yake nema a wurin ƙwaya ba. So yake ya ji shi daidai kamar kowa, ya iya tashi ya fita aiki. Hausawa na cewa sabo turken wawa, amma wannan turke a cikin jijiya aka kafa shi, kuma yana kama mai wayo kamar yadda yake kama wawa.

Masu sintiri, malamai da likitoci

Mutanen Tamale ba su naɗe hannu ba. Ɗaya daga cikin sarakunan birnin, Alhassan Maham, ya haɗa 'yan sa-kai kusan ɗari da ke kai samame maɓoyar dillalai, suna ƙwace kaya suna ƙonawa a fili kowa na gani. Jami'an tsaro ma sun sha kai farmaki dajin Aboabo, wanda ya yi ƙaurin suna a wannan harka. A watan Maris na 2025 jami'an kwastan a tashar Tema sun kama kwantenar irin waɗannan ƙwayoyi da aka ce Nijar za a wuce da ita.

Mutanen da ke barin barcinsu su tunkari dillalai ba tare da albashi ba sun cancanci yabo, kuma rage kaya a titi na hana sababbin yara faɗawa. Sai dai akwai masu nuna damuwa, da hujjarsu, cewa aikin sa-kai in babu doka a kansa yana iya zamewa duka da tozarci, kuma galibi ƙaramin mai sha ne ke shiga hannu, mai kwantena yana gidansa.

Malamai a kan mumbari sun tsaya a kan cewa duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, kuma kare hankali na cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare. Wannan wa'azi katanga ce ga wanda bai fara ba. Ga wanda ya riga ya kamu, tuba na ba shi dalilin tsayawa da jama'ar da za ta riƙe shi, amma ba ta hana gudawa da ciwon ƙashi a dare na biyu. Yana bukatar liman, yana bukatar likita.

Akwai masu cewa kiran abin cuta sassauci ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Akwai ma masanan da ke ganin an cika jingina komai ga ƙwaƙwalwa an manta da halin rayuwa. Suna kafa hujja da binciken Lee Robins a kan sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam a 1971: kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hiroyin a can, amma da suka koma gida, cikin waɗanda suka kamu ɗin kusan ɗaya cikin ashirin ne kawai ya sake kamuwa a shekarar farko.

Ni ban ga saɓani a nan ba. Sojan ya bar fagen yaƙi, ya bar dillalinsa, ya bar duk alamomin da ƙwaƙwalwarsa ta haddace, ya koma inda akwai iyali da aiki. Labari ne mai daɗi, domin ya nuna ƙwaƙwalwa na iya gyaruwa. Amma ɗan yalo-yalo ba shi da jirgin da zai ɗauke shi. Gobe da asuba tashar nan zai koma, da balas ɗin nan, da ciwon bayan nan.

Likitoci kuma suna da nasu tsoron. A asibitoci da yawa na Afirka mofin na wuyar samu, tiramadol ne abin da ke hannu ga mai sikila da mai ciwon daji da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya, da ya duba batun a 2018, bai ba da shawarar a ƙulle shi a duniya baki ɗaya ba. Ƙwayar 50 da ke kantin asibiti ba ita ce abokiyar gaba ba.

In an ƙwace, sai kuma ina?

A takarda Ghana ta yi gaba. Dokar 2020 da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NACOC ta ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiyar al'umma, ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin shansa tara maimakon ɗauri kai tsaye. A ƙasa kuwa, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Akra da Pantang da Ankaful, dukkansu a kudu. Daga Tamale zuwa Akra tafiyar kilomita kusan 600 ce. Akwai sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Tamale, akwai ma'aikatan jinya a asibitocin gundumomi, ƙungiyar BasicNeeds mai hedikwata a birnin ta daɗe tana aiki a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma nauyin ya fi ƙarfin hannayen da ke ɗauke da shi.

Inda asibiti ya yi nisa, mari ke matsowa. Hukumomin Ghana sun haramta ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa tun 2017, kuma mutanen Najeriya ba su manta da abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ba. Iyayen da ke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugaye ba ne, dabara ce ta ƙare musu, kuma sun san hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sarƙa tana raba jiki da ƙwaya na ɗan lokaci. Ba ta goge abin da ƙwaƙwalwa ta haddace.

Hanyar da likitoci suka sani ita ce a rage maganin sannu a hankali ƙarƙashin kulawa, a magance amai da rashin barci, a duba ko akwai ciwon damuwa a ƙasa, sannan a daɗe ana bibiya. Ga wanda kamun ya yi tsanani akwai metadon da bufurenofin, magungunan da ke zama a guraben nan su kwantar da nema ba tare da jefa mutum cikin maye ba in an ba da su daidai. Tanzaniya ta buɗe irin wannan asibiti a Muhimbili da ke Darussalam tun 2011. A ko'ina, kusan rabin waɗanda aka yi wa maganin jarabar ƙwaya kan koma sha a wani lokaci, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini da ke sakin maganinsu ba. Komawa alama ce ta a sake ɗaura ɗamara, ba ta a sallama yaro ba.

Akwai kuma hatsari biyu da kowane gida ya kamata ya sani. Na farko farfaɗiya: tiramadol mai yawa na sa mutum ya faɗi yana shure-shure ko da bai taɓa yi ba, kuma in a kan babur ne, shi da fasinja ne a ƙasa. Ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa ko manja. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, in ya lafa a kwantar da shi a gefensa.

Na biyu ya fi kisa. Cibiyar da ke sarrafa numfashi ita ma tana da guraben nan, kuma yawan ƙwaya na sa ta yi barci, musamman in an haɗa da giya ko maganin barci ko karisofurodol. Lokacin da ya fi hatsari shi ne bayan an ɗan daina. Wanda ya yi wata guda a tsare, ko a gidan mari, ko a ƙauye wurin kawunsa, jikinsa ya sauke juriyar da ya tara. In ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, adadin nan na iya kashe shi. Alamominsa barcin da ba a iya tada mutum, minshari mai kama da shaƙewa, numfashi jefi-jefi, leɓe ya sauya launi, ƙwayar ido ta tsuke. Irin wannan ba a barinsa wai ya yi barci ya wartsake. A kira 112, ko a sa shi a mota zuwa asibiti nan take.

Akwai allurar da ake kira naloson, wadda ke ture dangin ofiyom daga gurabensu ta dawo da numfashi cikin 'yan mintuna. Ba ta sa maye, ba ta da tsada sosai, tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Tun 2014 hukumar ta ba da shawarar a sa ta a hannun mutanen da suka fi yiwuwar tarar da wanda ƙwaya ta kayar, ba likitoci kaɗai ba. A Tamale waɗannan mutane sanannu ne: shugabannin tashar yalo-yalo, ma'aikatan jinya na unguwa, da 'yan sa-kan nan da ke shiga lungunan da motar asibiti ba ta zuwa. Ya kamata a koya musu amfani da ita, kuma duk daren da za su fita samame su fita da ita a aljihu.